Gudun da Babu Mai Kora

Tsakanin sallame sallar asuba da fitowar masu Keke Napep akwai wani ɗan lokaci da titunan Maiduguri ke zama na masu ƙafa. Da kyar yake kai awa ɗaya da rabi. A cikinsa mai shayi ke hura wuta, mai ƙosai ke kafa kasko, masu shara ke tayar da ƙurar jiya. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wasu mutane a cikin wannan lokaci, wato masu sassarfa. Za ka gan su bibbiyu ko uku-uku a gefen Lagos Street, ko hanyar Damboa, ko kewayen filin wasa na El-Kanemi. Akwai ɗalibai, akwai samarin da ke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, akwai magidantan da likita ya auna jininsu ya girgiza kai. A cikinsu kuma akwai 'yan kaɗan da suka ɗaura niyyar abin da ya fi motsa jiki: suna so wata rana su yi rabin gudun fanfalaki ba tare da sun tsaya ba.

Nisan kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, rabin cikakken tseren nan mai kilomita 42 da mita 195 da ya samo tsawonsa daga gasar Olamfik ta Landan a 1908. In a filin tsere za a yi shi, mai zagayen mita 400, sai mutum ya zagaya sau 52 ya kusa cika na 53. Gwanayen duniya kan gama shi kafin awa ɗaya ta cika. Jacob Kiplimo na Yuganda ya yi shi cikin minti 57 da daƙiƙa 31 a Lisbon a 2021. Mutum irina da irinka, a karonsa na farko, yakan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi, wani ma ya haura. Waɗannan su ne mutanen da suka dame ni a yau, don su nake haɗuwa da su a hanya, kuma a cikinsu na koyi abin.

Gudu a garin nan ba ƙaramar magana ba ce. Duk wanda ya zauna a Maiduguri daga 2009 zuwa shekarun da suka biyo baya ya san lokacin da ganin mutum ɗaya da gudu ya isa ya watsa kasuwa. Ba a tsayawa tambaya. Mai tumatir ya bar tumatir, mai yaro ya suri yaro, sai an yi nisa a tambayi na kusa me ya faru. A watan Yuli na 2011 aka hana hawa babur a cikin gari. Dokar hana fita ta zama abin da ake shirya rayuwa a kansa, har sallar asuba mutane da yawa a gida suke yi. Daga baya, a 2014 da farkon 2015, mutanen Gwoza da Bama da Baga suka riƙa shigowa, da yawansu a ƙafa, da tsofaffi da jarirai, bayan kwanaki a daji. Ko a daren 10 ga Satumba 2024 da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, da gudu mutanen Gwange da unguwannin bakin kogin Ngadda suka bar gidajensu. Ƙafafun garin nan sun san nisa, amma da tsoro suka san shi.

Shi ya sa ba na ganin laifin tsohuwar da ta leƙo daga ƙofar gida wata safiya ta tare wani abokin gudunmu da tambaya.

"Ɗana, lafiya? Me ya biyo ka?"

"Lafiya lau, Kaka. Motsa jiki ne."

Ta dube shi, ta dubi bayansa har ƙarshen layi, sannan ta ce, "To, Allah ya sa haka ne. Amma ka riƙa yi a hankali, kada ka tayar wa mutane da hankali."

Duba bayan nan da ta yi shi ya tsaya mini a rai. Tun daga ranar, in muka shigo lungu mukan rage sauri mu yi sallama da ƙarfi, in muka doshi shingen jami'an tsaro da sauran duhu mukan koma tafiya, mu gaisa, sai mun wuce mu ci gaba. Ba wanda ya kafa mana wannan doka. Garin Maiduguri yana bin mai gudu bashin ladabi, domin abin da yake yi don nishaɗi wasu sun yi shi don ceton rai. Kuma duk da haka ina ganin wannan gudu alheri ne ga garin. Yaron da aka haifa a 2015 yana tasowa yana ganin babba na gudu a titi, fuskarsa a sake, babu kowa a bayansa. Iyayensa sun daɗe ba su ga haka ba.

Akwai kuma maganar girma. A wajenmu gudu na yara ne da dawaki. Ranar hawan salla a Dandal, in doki ya zabura zuwa ƙofar Shehu, kowa sai ya miƙe yana jinjina. Amma magidanci mai 'ya'ya ya sa gajeren wando ya fito yana haki, sai a ce ya zubar da girmansa. Wani ma'aikacin gwamnati da ya haura hamsin ya gaya mini watanninsa na farko sai ya hau mota ya je can wata unguwa da ba a san shi ba sannan ya sauka ya fara. Yanzu daga ƙofar gidansa yake farawa, maƙwabta biyu ma sun bi shi. Abin mamaki, kakanninmu ba su raina ƙafa ba. Ta ƙasar Borno ayarin mahajjata ke bi su ratsa Chadi da Sudan zuwa bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru. Mu jikokinsu ne muke hawa keke daga Post Office zuwa Monday Market, sannan mu yi mamakin yadda hawan jini da ciwon suga suka cika gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Wannan bai fi rabin awa sau biyar ba.

Abu na farko da sabon mai gudu ke koya, kuma shi ya fi wuya, shi ne rage sauri. Kusan kowa da ƙarfinsa yake fitowa ranar farko, musamman samarin da suka saba da ƙwallo. Sukan ɓace wa mutum da gani a kilomita ta farko, a ta uku ka same su a gindin darbejiya, hannu a gwiwa, suna neman numfashi. Ma'aunin da masu horarwa ke bayarwa mai sauƙi ne: in ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da ka yanke ta ba, ka yi sauri da yawa. Don haka yawancin atisayenmu hira ce. An tattauna tsadar masara da wasan El-Kanemi Warriors da kuɗin makarantar yara a kan hanyar Bama fiye da yadda aka tattauna su a majalisar dare.

Wanda bai taɓa yi ba yakan fara da gauraye: gudun minti ɗaya ko biyu, tafiyar minti biyu, a maimaita. In jiki ya karɓa har ya iya rabin awa bai tsaya ba, to daga nan ake ƙirga wata uku zuwa huɗu kafin ranar kilomita 21. Fita uku ko huɗu a mako ta isa, ɗaya daga ciki doguwa, ita ce ake ƙara wa kilomita ɗaya ko biyu kowane mako, a kuma riƙa saukowa lokaci-lokaci don jiki ya huta. Dalilin wannan jan ƙafa a cikin jiki yake. Zuciya da huhu kan saba da wuri, cikin 'yan makonni mutum ya ji numfashinsa ya buɗe, sai ya ɗauka ya iya. Ƙashi da jijiyoyin gwiwa da na dunduniya kuwa watanni suke so. Kamar sabuwar tukunyar ƙasa ce, ba a ɗora ta a wuta mai ƙarfi ranar da aka sayo ta. Yawancin waɗanda suka bar mu a hanya ba numfashi ne ya kayar da su ba, ƙwauri ne ko gwiwa, kuma kusan kullum a makon da suka ji daɗin jikinsu suka ninka nisa.

Sai takalmi. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinaren Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, amma shi bai bi ta inda ake zubar da ƙusa da fasasshiyar kwalba ba. Sabon takalmin gudu na kanti ya fi ƙarfin albashin yawancinmu, don haka wajen 'yan gwanjo ake zuwa. Can ma akwai ilimi. A juya shi a duba ƙasansa ko ya cinye ta gefe ɗaya, a matsa tsakiyarsa da yatsa a ji ko da sauran taushi, a kuma ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafa, yadda babban yatsan hannu zai shiga tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Ƙafa tana kumbura in gudu ya yi nisa, kuma takalmin da ya yi cif a kasuwa shi ke baƙanta farce har ya cire shi. Da yamma ya fi kyau a gwada, lokacin da ƙafa ta wuni tana aiki. Safa kuma kada ta zama mai riƙe gumi, in ba haka ba bororo ne zai biyo baya. Akwai wani ƙaramin sirri da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba sai ya ji a jikinsa: a shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono kafin doguwar fita. Riga mai laushi ma in ta jiƙe ta yi awa biyu tana gogar fata, sai ta fitar da jini.

Amma babban malamin mai gudu a nan yanayi ne. Maiduguri tana can gabas, rana na riga fito mana da wajen rabin awa kafin ta fito wa Sakkwato, kuma ba ta daɗewa take fara cizo. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana, duk gudun da bai ƙare kafin bakwai na safe ba ya zama ganganci. Wanda ya ji jiri, ko sanyi ya kama shi cikin zafi, ko maganarsa ta fara rikicewa, a tsayar da shi ko yana so ko ba ya so, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, in bai dawo daidai ba a nufi asibiti. Da damina iska takan yi nauyi, gumi ba ya bushewa, lunguna su cika da ruwa. Lokacinmu na gaske daga Nuwamba ne zuwa farkon Fabrairu. Sanyin asubar hunturu yakan sa mutum ya ji kamar an sauke masa kaya, kilomita goma ta wuce bai sani ba. Sai dai shi ma da kuɗinsa: hazo na busar da maƙogwaro, leɓe ya tsage, mai asma kuma dole ya kula, ranar da ƙura ta rufe gari har ba a hango ƙarshen titi gara a zauna a gida. Kuma saboda mutum ba ya ganin gumi a jikinsa sai ya manta da shan ruwa, alhali iskar ce ke shanye shi.

Ruwan leda biyu a hannu, ko kuɗinsa a aljihu, ya isa matsakaiciyar fita. In za a haura awa ɗaya da rabi, a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara, da dabino uku ko huɗu a aljihu, domin wajen wannan lokacin ne abincin da jiki ya tara a tsoka ke fara ƙarewa. Kafin fita, shayi da ɗan burodi ko kofin kunu mara nauyi. Ƙosai da yaji a bar su sai an dawo, kuma wallahi ba su taɓa daɗi irin na lokacin ba. Da azumi yawancinmu mukan sauko ƙasa sosai, wasu su koma bayan tarawihi, wasu su ɗan taka kafin a sha ruwa. Ba a neman ƙarin nisa a watan, riƙe abin da aka samu kawai ake yi.

Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba gangare in ka cire gadar sama irin ta Kwastam, tsayinsa daga teku bai wuce mita 300 da 'yan kai ba. Jos ta haura mita 1,200, Iten ta Kenya, inda zakarun duniya ke atisaye, ta kai wajen 2,400. Ba banza ba 'yan Filato ke yawan zama kan gaba cikin 'yan Najeriya a tseren birnin Legas da aka fara a 2016, 'yan Kenya da Habasha kuma suke kwashe manyan kyaututtuka. Abin da Allah ya ba mu a madadin tudu shi ne rairayi. Kilomita ɗaya a cikin yashin unguwa tana cin ƙarfin da ya fi na kwalta nesa ba kusa ba, tana kuma tausaya wa gwiwa.

Mata su ne suka fi ba ni tausayi a wannan harka, su ne kuma suka fi burge ni. Namiji in ya sha kunyar mako biyu ya wuce wurin. Mace kuwa kullum sai ta yi lissafin inda za ta bi da wanda zai gan ta da abin da zai faɗa. Waɗanda nake gani sukan fito rukuni, da hijabinsu da dogon wando, yawanci a cikin harabar makaranta ko unguwannin da ba cunkoso, wasu da mazajensu ko ƙannensu a gefe. Hawan jini bai san mace ko namiji ba. Magidancin da ya raka matarsa ta taka rabin awa da asuba ya yi wa gidansa hidimar da ta fi sayen magani, samarin da ke zaune a bakin titi kuma abin da ake nema a wajensu kaɗan ne, su kama bakinsu.

Ranar da muka cika namu nisan, wata safiyar Disamba ce, kuma mu muka shirya wa kanmu. Ba lambar ƙirji, ba mai busa usur, sai manhajar waya da ke ƙirga nisa da wani mai keke da muka ɗauka ya biyo mu da ruwa. Makon da ya gabace ta mun rage gudu ƙwarai, an gargaɗi kowa kada ya sa sabon takalmi ko ya ci abin da bai saba ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Dandal muka tashi, muka bi ta Post Office, muka haye gadar Lagos Street, muka wuce asibitin koyarwa zuwa ƙofar jami'a, muka juyo, da ƙarin zagaye don lissafi ya cika.

Kilomita goman farko hira ce da dariya, aikin kawai shi ne danne zuciya kada ta ja ƙafa. Daga ta goma sha biyu magana ta fara raguwa. Wajen ta goma sha shida kowa ya koma cikin kansa, ba ka jin komai sai saukar takalma da numfashi. A nan abubuwa ƙanana ke girma: ɗinkin safa da ke taɓa ɗan yatsa, suka a gefen ciki, ƙanshin wainar da ake soyawa a tsallaken titi. Gari kuma ya farka, kekuna sun fito, dole ka riƙa kauce musu da ƙafafun da ba sa son a canja musu hanya. Wani mai keke da ba namu ba ya rage gudu ya jera da wanda ke can baya, wani dattijo mai furfura.

"Baba, hau in rage maka hanya. Ba sai ka biya ba."

Dattijon bai iya amsawa ba, hannu kawai ya ɗaga masa alamar godiya. Mai keken ya ɗan ƙara bin sa, da ya gane abin da ake ciki sai ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, Baba," ya tsaya a gaba ya sayo ruwan leda ya miƙa masa. Wannan dattijo shi ya zo ƙarshe, ya kusa cika awa uku, kuma shi aka fi yi wa tafi. Waɗanda suka riga isowa sun koma baya sun tarye shi, suka shigo tare. Bayan nan shayi aka sha a tsaye, don duk wanda ya zauna tashi sai an kama shi. Washegari da yawanmu da kyar muka yi ruku'u.

Kaduna ta rufe titunanta a Nuwamban 2020 ta yi tsere mai kilomita 21 da 10 da 5, baƙi suka zo daga ƙasashen waje. Okpekpe, ƙaramin gari a Jihar Edo, tun 2013 yake tara masu gudun kilomita 10, har duniya ta san sunansa. Maiduguri na da abin da ake nema: faffaɗan tituna, inuwar darbejiya, sanyin Disamba, da matasa masu yawa da ƙarfinsu ke neman inda za a sa shi. Roƙona ga masu kula da wasanni a Jihar Borno shi ne a tsayar da rana guda sananniya a kowace shekara cikin hunturu, a auna hanya da kyau, a rufe ta na awa uku, a ajiye ruwa da motar asibiti, a ware gajeren zango na mata da yara da tsofaffi, a kuma sanar a masallatai da coci-coci da rediyo tun da wuri don kada gudun jama'a ya firgita kowa.

Kai kuma mai karatu, in kana so Disamba ta same ka a shirye, je ka a auna jininka tukuna, musamman in ka haura arba'in, ko kana da ciwon suga ko sikila ko ciwon ƙirji, ka ji abin da likita zai ce. In ya ba ka izini, nemi abokin tafiya a masallacin unguwarku, ku fara da tafiya tun damina ba ta ɗauke ba.